Kinky Friedman: Mawaƙin da Ya Shiga Sana'ar Labarin Kisa Riƙe da Amshinsa

A shekarar 1986 aka buga wani littafi a New York mai suna Greenwich Killing Time. Marubucinsa, Richard Friedman, wanda duniya ta fi sani da Kinky, ya haura shekara 40 a lokacin, kuma kasuwar waƙarsa ta riga ta ci ta watse. Daga wannan littafi zuwa 2005 kusan kowace shekara sai ya fitar da sabon labarin binciken kisa, ko da yaushe da jarumi guda, mai suna Kinky Friedman, tsohon mawaƙi da ya koma mai bincike mai zaman kansa. Mutumin ya rasu ranar 27 ga Yuni, 2024, a gonar gidansu da ke kusa da Medina a jihar Texas, yana da shekara 79. Yanzu da babu shi, babu malafarsa ta kaboyi, babu ƙatuwar tabar da ba ta rabuwa da bakinsa, littattafan sun rage su kaɗai su kare kansu a gaban mai karatu. Ra'ayina shi ne sun tsira, amma ba da ƙafar da aka saba auna labarin bincike da ita ba. Wanda ya buɗe su don ya gwada kaifin basirarsa wajen gano mai laifi zai rufe su yana jin an cuce shi. Wanda ya karanta su a matsayin dogayen waƙoƙi na mutumin da ya san aikin amshi, yake kuma makokin wata unguwa da wasu abokai, zai samu abin da har yau bai lalace ba.

Ba a fahimtar littattafan sai an fara da waƙar. An haifi Friedman a Chicago a 1944, iyayensa Yahudawa suka koma Texas yana ƙarami, suka kafa sansanin hutun yara mai suna Echo Hill a yankin tuddai na jihar. Ya gama Jami'ar Texas da ke Austin a 1966, ya yi shekara biyu yana aikin sa-kai a tsibirin Borneo ƙarƙashin shirin Peace Corps, sannan ya dawo ya haɗa ƙungiyar makaɗa da ya raɗa wa Texas Jewboys. Sunan kwaikwayo ne na Texas Playboys, shahararriyar ƙungiyar Bob Wills, kuma ya ɗauko kalmar da ake zagin Yahudawa da ita ya maƙala wa kansa. Waƙar kantiri, wato kiɗan fararen fatar karkara na kudancin Amurka, sana'a ce ta Kiristoci masu riƙo da al'ada, ba a saba ganin Bayahude a tsakiyar dandalinta ba. Faifansa na farko, Sold American, ya fito a 1973. A cikin waƙoƙinsa na shekarun nan akwai wadda ta yi wa masu ƙyamar baƙaƙe da Yahudawa zambo ta bakin wani mashayi, akwai wadda ta taɓa Charles Whitman, ɗalibin da ya hau hasumiyar jami'ar Austin a 1966 ya yi ta harbin mutane, akwai kuma wadda ta yi wa masu fafutukar 'yancin mata ba'a har babbar ƙungiyar matan Amurka ta ba shi lambar rainin mata. Aikinsa ya yi kama da na ɗan kama a wajenmu, wanda ke ɗaukar muryar abin da jama'a ke girmamawa ya juya ta, mutane na dariya suna kuma tsarguwa. Sai dai a cikin faifan na farko akwai Ride 'Em Jewboy, waƙa mai sanyi da ba dariya ko kaɗan a cikinta, wadda ke makokin Yahudawan da 'yan Nazi suka hallaka, kuma Willie Nelson ya sake rera ta daga baya. Mutum guda ne ya yi zambon ya kuma yi makokin, a faifai guda, kuma haka littattafansa za su kasance.

Wannan hali bai dace da kasuwa ba. Yawancin gidajen rediyon kantiri ba za su sa waƙoƙinsa ba, shirin talabijin na Austin City Limits ya ɗauki wasansa a 1975 amma aka ƙi nuna shi. Ya bi Bob Dylan yawon waƙa na Rolling Thunder Revue a 1976, shekarar da faifansa Lasso from El Paso ya fito, daga nan manyan kamfanonin faifai suka juya masa baya. Ya zauna New York yana wasa a wani gidan rawa mai suna Lone Star Cafe, hodar iblis tana cin kuɗinsa da lafiyarsa, abokansa na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A tsakiyar shekarun 1980 ya tattara ya koma gonar iyayensa a Texas, ya zauna gaban tafireta. Wannan ƙaura tana da muhimmanci ga hujjata, domin yawancin labaran da ke faruwa a titunan New York an rubuta su ne daga nesa, bayan marubucin ya bar garin da rayuwar da ya yi a cikinsa.

Sana'ar da ya shiga tana da tsohon tarihi da dokokinta. Edgar Allan Poe ne ya aza harsashinta a 1841 da labarin kisan titin Morgue, inda ya kawo mai bincike mai kaifin ƙwaƙwalwa da abokinsa mai ba da labari. Arthur Conan Doyle ya gina a kai a 1887 da Sherlock Holmes da Dakta Watson. Zuwa shekarun 1920 abin ya zama wasan wasa ƙwaƙwalwa mai ƙa'idoji, har S. S. Van Dine ya jera dokoki 20 a 1928, Ronald Knox ya jera 10 a 1929, dukansu suna nufin abu guda: a shimfiɗa wa mai karatu dukan alamu, kada a ɓoye masa komai, kada a warware matsala da sa'a ko da mafarki. Agatha Christie ita ce sarauniyar wannan gida. A Amurka kuma wani gidan ya tashi, na Dashiell Hammett da Raymond Chandler, inda mai binciken ba attajiri ba ne a ɗakin karatu, talaka ne mai ofis mai ƙura da kwalbar giya a aljihun tebur, yana yawo cikin birnin da cin hanci ya rube. Friedman ya ɗebo daga gidajen biyu a fili, ba ya ɓoyewa. Jaruminsa na zaune a lamba 199B kan titin Vandam, kamar yadda Holmes ke 221B kan titin Baker. Yana ajiye tabarsa cikin wani kan Holmes na tangaran. Abokan da ke taya shi aiki ana kiransu Village Irregulars, kwaikwayon yaran titi da ke yi wa Holmes leƙen asiri. Amma murya da kaɗaici da giyar duk na gidan Chandler ne.

Babban ƙorafin da ake yi wa littattafan shi ne ƙullin labarinsu sakwa-sakwa ne, kuma ƙorafin gaskiya ne. A Greenwich Killing Time an tsinci gawar wani mutum riƙe da furanni 11, zargi ya faɗa kan maƙwabcinsa ɗan jarida McGovern. A Case of Lone Star, na 1987, yana da dabara mai kyau: ana kashe mawaƙan kantiri a Lone Star Cafe, mai kisan na aiko da baitocin Hank Williams. A Musical Chairs, na 1991, tsofaffin 'yan ƙungiyar Texas Jewboys ne ake bi ɗai-ɗai. Mafarin kowanne na jan hankali, sai dai tsakiya kan zama yawo daga mashaya zuwa gidan abinci, ƙarshe kuma ya zo da gaggawa, sau da yawa saboda wani abu ya faɗo wa jarumin a rai ko abokinsa Rambam ya yi aikin da ya kamata jarumin ya yi. Idan da ma'aunin Knox za a yi hukunci, Friedman ya faɗi. Sai dai tarihin sana'ar kanta ya nuna ba wannan ma'auni ne ke raya littafi ba. Lokacin da ake mayar da The Big Sleep na Chandler fim, wanda ya fito a 1946, masu shirin sun aika suna tambayarsa wa ya kashe direban gidan Sternwood, shi kansa marubucin ya kasa ba su amsa. Duk da wannan rami ana karanta littafin har gobe, alhali ɗaruruwan labaran da suka kiyaye kowace doka sun ɓace, domin wasan ƙwaƙwalwa da zarar an san amsarsa ya ƙare. Abin da ke sa mutum ya sake buɗe littafin da ya san ƙarshensa shi ne yana son ya sake zama da muryar da ke ciki. Ban ce Friedman ya kai Chandler ba, bai kai ba, kuma rauninsa wajen ƙulli ya fi na Chandler yawa. Abin da nake cewa shi ne laifin da ake kama shi da shi ba shi ne ke kashe littafi a wannan sana'a ba.

Ƙorafin da ya fi wannan nauyi shi ne maimaici. Duk wanda ya karanta uku daga cikin littattafan zai haddace kayan ɗakin: kyanwar da jarumin ke yi wa magana ba ta amsawa, wayoyi biyu a kan tebur masu ƙara tare, ƙahon sa da ake shan wuskin Jameson a ciki, motocin shara da ke kwana a titin, ajin rawa na mata a saman bene da ke girgiza silin, da kan 'yar tsana mai makulli a baki da ake jefa wa baƙo ta taga da 'yar laimarsa. Har barkwancin ma yakan dawo da lafazinsa daga littafi zuwa littafi. Masu suka na ganin lalaci ne. Ni ina ganin a nan ne tsohuwar sana'arsa ta fi bayyana. Mawaƙi ya san cewa baiti na wucewa, amshi ne ke zama, kuma masu sauraro ba sa jin haushin dawowarsa, jiransa suke yi. Ya kuma san cewa amshi ba ya dawowa da ma'ana ɗaya, domin baitin da ya gabace shi ya canza masa nauyi. Jefa makulli ta taga a farkon labari wasa ne. Jefa shi bayan an binne aboki, ga mutumin da ba kowa a ɗakinsa sai kyanwa, wani abu ne daban, ko da kalmomin ba su sauya ba. Surorinsa ma gajeru ne, shafi uku ko huɗu, kowace na rufewa da layi mai tsini kamar yadda baiti ke rufewa. Ba shi ya fara wannan ba. Rex Stout ya yi shekara 41, daga 1934 zuwa 1975, yana maimaita gidan jaruminsa Nero Wolfe da furanninsa da lokutan cin abincinsa, masu karatu kuma don gidan suke komawa. Bambancin shi ne Stout ya koyi maimaici a matsayin dabarar marubuci, Friedman kuwa ya zo da shi daga dandali. Inda masu sukar suke da gaskiya shi ne amshi na buƙatar sabon baiti. A littattafai irin su Spanking Watson na 1999, inda kusan babu wani laifi na gaske da ake bincika, sai jarumin na wasa da hankalin abokansa, baitin ya ƙare, amshi kaɗai ya rage, kuma karatun na gundura.

Abin da ya fi ba littattafan tsawon rai shi ne shawarar da ya yanke tun farko ta saka mutane na gaske da sunayensu. Ratso, wanda ke matsayin Watson, shi ne Larry Sloman, marubucin da ya rubuta littafi kan yawon Dylan na Rolling Thunder. McGovern ɗan jarida ne na gaske a New York, Rambam kuma mai bincike ne na gaske. A Roadkill na 1997 jarumin ya shiga motar yawon Willie Nelson. Da farko wannan kamar raha ce tsakanin abokai, amma shekaru sun mayar da ita wani abu. Elvis, Jesus & Coca-Cola, na 1993, wanda a ganina shi ne mafi kyau a cikinsu, ya tashi ne daga mutuwar Tom Baker, ɗan wasan da ya fito a fim ɗin Andy Warhol, abokin Friedman na ƙut-da-ƙut, wanda miyagun ƙwayoyi suka kashe a 1982. A cikin labarin Baker ya bar wani fim kan masu kwaikwayon Elvis Presley, fim ɗin ya ɓace, jarumin na nemansa. Mutumin da a zahiri bai iya ceton abokinsa ba ya ƙirƙiro duniyar da aƙalla zai iya yi masa wani aiki bayan rasuwa. Littafin ya rufe da 'yan shafuka kan mutuwar kyanwarsa ta gaske, ba tare da barkwanci ko ɗaya ba. Labarin bincike tun asalinsa alkawari ne cewa mutuwa na da dalili kuma za a gano shi, kuma ba abin mamaki ba ne mutumin da ya rasa mutane ba tare da dalilin da zai kama ba ya zaɓi wannan sana'a. Frequent Flyer na 1989 ya kai wannan hali nesa: ya fara da jana'izar abokin aikinsa na Borneo, ya ƙare da tsofaffin 'yan Nazi, wato makokin Ride 'Em Jewboy ya sake dawowa a rigar labarin bincike.

Haka garin ma. New York ɗin da ke cikin littattafan ita ce wadda ta kusa tsiyacewa a 1975, wadda kisan kai ya yi ta hauhawa a cikinta har ya haura 2,200 a shekarar 1990, amma kuma wadda mawaƙi marar aiki zai iya kama ɗaki a tsohon sito kusa da Greenwich Village ya rayu. Lone Star Cafe, mai gunkin ƙaton ƙadangare a kan rufinsa, ya rufe a 1989. Carnegie Deli, inda jarumin da abokansa ke cin abinci, ya rufe a ƙarshen 2016. Unguwar da titin Vandam yake yanzu manyan kamfanoni irin su Google da Disney ne ke da ofisoshi a cikinta. Friedman bai zauna da niyyar rubuta tarihi ba, kuma ba shi da haƙurin mai siffanta gini ko titi dalla-dalla. Amma ya kama yadda wasu mutane ke magana, 'yan jaridar dare da makaɗan da kasuwa ta bari da masu jiran mashaya, Yahudawa da 'yan asalin Ireland, masu gaisawa da zagi saboda kunyar nuna ƙauna. Wannan hira ba ta cikin kundin hukuma, kuma masu yin ta sun ƙare ko sun tsufa.

Akwai wurin da ba zan kare shi ba. Barkwancin da ya shafi mata, da masu neman jinsinsu, da baƙaƙe, da baƙin haure masu tuƙa tasi, da yawansa ya tsufa mummunan tsufa. Matan littattafan kusan duk ana gabatar da su ne ta surar jikinsu, kan 'yar tsanar nan ma baƙi ne kuma yadda ake ambatonsa ba ya daɗi a kunne yau. Masu kare shi na cewa kowa yake yi wa ba'a, har da kansa da addininsa, kuma manufarsa tona asirin mai ƙyama. Wannan gaskiya ne a mafi kyawun waƙoƙinsa, inda ake sa mai ƙyama ya yi magana har ya kunyata kansa. Amma a littafi jarumin ne ke magana, shi ne kuma wanda aka gina labarin don a so shi, babu wani a gefe da zai nuna cewa maganar ta kauce. Kuma Bayahude da ya ɗauki zagin da ake yi masa ya mayar da shi tuta yana kashe kuɗin aljihunsa ne, in ya juya kan wasu kuwa da kuɗin wani yake wasa. Siyasa ta gwada wannan a fili. Da ya tsaya takarar gwamnan Texas a 2006 ba tare da jam'iyya ba, an tono tsofaffin kalamansa kan baƙaƙe, aka haɗa da abin da ya faɗa kan waɗanda guguwar Katrina ta koro zuwa Houston, ya kuma ƙare na huɗu da kusan kashi 12 cikin 100 na ƙuri'u, Rick Perry ya ci. Abin da aka yi wa dariya a gidan rawa da tsakar dare bai jure hasken rana ba, kuma shafin littafi ya fi kama da hasken rana. Mai karatu na yau zai ci karo da waɗannan wurare, kuma yana da haƙƙin ya ji ciwonsu. Abin da zan ƙara kawai shi ne, a littattafan da suka fi ƙarfi irin wannan ba'ar ba ita ce ginshiƙi ba, ana iya cire ta labarin ya tsaya. A raunanan kuwa ita ce ke cike gurbin da labari ya bari, shi ya sa su ne suka fi saurin mutuwa.

Saboda haka hukuncin ba ɗaya ba ne ga dukansu. Na farko-farko, daga 1986 zuwa 1993, su ne suka fi riƙe ƙarfinsu, lokacin da New York ke da ɗumi a zuciyarsa kuma rashin abokai bai zama labari ba tukuna. Armadillos & Old Lace na 1994, wanda ya mayar da jarumin gida Texas yana binciken mutuwar wasu tsofaffin mata, ya nuna zai iya taushi idan ya bar mashaya. Bayan nan shahara ta zo, Shugaba Bill Clinton na cikin masu karanta shi, kamfanin Simon & Schuster na jiran littafi kowace shekara, sai jarumin ya fara zama tambarin kasuwa. The Prisoner of Vandam Street na 2004 ya ɗan farfaɗo, domin ya kwantar da jarumin da zazzaɓin cizon sauro, yana ganin ana dukan wata mata ta taga amma babu wanda ya yarda da shi, kaɗaicin da ke ƙarƙashin dukan jerin ya fito sarari. A 2005, cikin Ten Little New Yorkers, ya kashe jarumin nasa kamar yadda Conan Doyle ya yi wa Holmes a 1893. Conan Doyle ya sha matsin masu karatu har ya dawo da nasa. Friedman ya tafi siyasa da kiwon karnukan da aka yasar a gidan ceton dabbobi na Utopia da ya taimaka aka kafa a 1998, sannan a 2015 ya koma ɗakin ɗaukar waƙa da faifan The Loneliest Man I Ever Met, ya bi shi da Circus of Life a 2018 da Resurrection a 2019. Zambo ya yi ƙaranci ƙwarai a waɗannan faya-fayai, yawancinsu waƙoƙi ne na tsufa da rashi da mutanen da aka manta, abin da ya yi shekara 19 yana rubutawa a tsakanin gawa da gano mai kisa.